Ɗan Iya a Filin Jirgi

Mutumin Ikko ne ya tsiro da maganar jirgin nan, ba kowa ba. Wai mota tana jigata yara. Ji mini mutum! Shi da aka taɓa kai shi asibitin Katsina a bayan a-kori-kura, tsakanin buhunan gero, majina har haɓa, yau shi ne mai tausayin ƙashin yara.

In na ce mutumin Ikko, ɗana nake nufi, ɗan farina, wanda ke aikin kamfani a can Legas. Ba na kama sunansa, kuma ba zan fara don in burge wani ba. Haka muka tarar a Daura: ɗan fari uwa ba ta kiran sunansa, ba ta yi masa wasa a gaban mutane, in an yaye shi kakarsa ta ɗauke. Haka aka yi mini da shi, haka na yi wa matarsa Sadiya da nata. Ranar da aka cire Ɗantsoho daga nono na goya shi na tsallaka tsakar gida zuwa ɗakina, tun daga nan bayana ya sani, tabarmata ya sani. Sunan marigayi Malam mijina ya ci, shi ya sa muke ce masa Ɗantsoho. Ni yake kira Iya. Uwarsa kuwa Sadiya yake ce mata gatsal, yadda yake ji ina kiranta, ita kuma in ta kama dole sai ta ce "yaron Iya".

Ana nan, yaro ya shekara huɗu, ya iya kora mini awaki, ya iya ɗauko mini buta, sai ga saƙo wai an samu gida a Ikko, Sadiya ta tattaro yara ta taho. Yara fa, ba jaririyarta Raihana kaɗai ba. Har da nawa, wai za a sa shi makarantar da mota ke zuwa ɗaukar yara, kamar a Daura jakai ne ke koyarwa. Ɗansa ne, ikonsa ne. Amma na san abin da zai rage a gidan nan in an ɗauke yaron: ni, da awaki, da rediyo.

Sai aka shiga karatun jirgi. Kullum sai mutumin Ikko ya turo murya a wayar Sadiya, ta kunna a tsakar gida muna tsintar wake. A je da wuri. A cire wa yaro laya, wai ƙarfe yana sa na'ura kuka. In jirgi zai tashi a ba Raihana nono saboda kunne. Ranar da ya ce a sa wa Ɗantsoho jar riga don a hango shi cikin mutane, a kuma rubuta lambar wayarsa a damtsen yaro, sai da na ajiye faifai.

Na ce, "Sadiya, tambaye shi ko a ɗaura masa igiya a wuya, tunda ragon kasuwar Mai'adua ne."

Ta sunkuyar da kai tana murmushi. 'Yar garin Babban Mutum ce, kunya kamar ta kashe ta. Ni da kaina na zaɓo ta saboda hakan, ban san wata rana kunyar za ta tara mana jama'a ba.

Ya tuna da kunne, ya tuna da riga, ya tuna har da alewar da yaro zai tsotsa. Abu ɗaya ne bai faɗo masa ba, don iliminsa bai kai can ba: wa zai gaya wa yaron cewa Iya ba ta zuwa? Sadiya ba ta iya zaunar da shi ta yi masa magana. Ni kuwa ba aikina ba ne in yi wa wani tallar jirgi.

Muna idar da sallar asuba Malam Sama'ila maƙwabcinmu ya kawo motarsa ƙofar gida, shi zai kai mu Kano. Aka loda kuka da daddawa da busasshiyar kuɓewa, sai ka ce a Ikko da tsakuwa suke miya. Na dama kunun gyaɗa na cika filas, don Ɗantsoho ba ya karyawa da komai sai shi. Yaro ya haye cinyata da jar rigarsa, lamba a damtse, yana ta zumuɗi zai ga jirgi, yana gaya mini in mun shiga shi zai zauna kusa da direba. Na ce masa to, maigida, yadda ka ce. Kafin Kazaure ya dawo da kunun da ya sha duka a kan rigar. Sadiya ta miƙo tsumma ta gefe, fuskarta na kallon taga.

"Iya, ga shi, ya ɓata jikinsa."

"Wa?" na ce, don tsokana.

"Shi."

Malam Sama'ila ya yi dariya har sai da mota ta ci gefen titi.

Filin jirgi kuwa, ni ban ga abin da ake zuzutawa ba. Tasha ce, sai dai an share ta, an kunna sanyi, an hana masu rake da dafaffen ƙwai shiga. Kowa na jan akwati mai ƙafa yana ɗaga hanci, kowa da waya a kunne yana sanar da duniya inda yake. Wani mai kaki a bakin ƙofa ya ce 'yan rakiya su tsaya waje.

Na ce masa, "Ɗan nan, dubi yarinyar nan. Goyo a baya, jaka a kafaɗa, takardu a baki. Kai za ka riƙe mata yaron?"

Ya dubi Ɗantsoho da ke lasar gilashin ƙofa, ya matsa mini.

Wajen awon kaya wani saurayi mai ɗamarar wuya ya buɗe jakar daddawa ya ja baya yana toshe hanci, shi da daga ganin kumatunsa miyar kuka ce ta gina su. Aka naɗe jakar da leda kamar mai miki, aka tura ta.

An ce mu zo da wuri, mun zo da wuri, jirgin ne saƙon mutumin Ikko bai iske ba. Hantsi ya yi, rana ta take, wata murya daga rufi tana ta ba da haƙuri da Turanci ta hanci. Raihana ta ɓata zane, Sadiya ta tafi neman inda za ta wanke ta, ta dawo ta ce famfon sai ka tara masa hannu ka roƙa kafin ya ba ka ruwa. Na kai Ɗantsoho bayi, ya ga farin kwano, ya ce shi ba zai yi kashi a tasa ba. Wani abin busar da hannu a jikin bango ya yi gurnani, yaro ya fito a guje wando a gwiwa. Alewar kunne kuwa tun a Ɗambatta ya gama da ita.

Da ya gaji da zama sai ya gano keken ɗaukar kaya. Ya tura ya daki ƙafar wani Alhaji mai babbar riga, ya tura ya kifar da kwandon shara. Ni gwiwa ta hana ni gudu. Sadiya ta miƙe da goyo tana bin sa, tana "Kai! Kai yaro! Kai wannan!" Duk wani yaro da ke wajen sai da ya waiwayo, har gardin da ke goge ƙasa ya waiwayo, ban da nata. Daga inda nake zaune na ce "Ɗantsoho", ya saki keken ya taho ya faɗa jikina. Ba zan ɓoye ba, daɗi na ji. Wata mai gilashi a kusa da mu ta ce, "Mama, autanki ne? Allah ya raya." Na ce amin.

Sai bayan azahar aka kira masu tafiya Legas. Aka yi layi zuwa wata ƙofa inda ake ɗora jaka ta shige cikin na'ura, mutum kuma a shafa shi da wata sanda. A nan ne iyakar ɗan rakiya. Na tsuguna na gyara masa takalmi, na ɗora hannunsa a kan na Sadiya, na ja baya.

Ya dube ni. "Iya, taho mana."

"Je ka, ina nan."

Ai kuwa sai ya gane. Ya fizge hannu, ya zube ƙasa, ya rungume ƙafata, ya kurma ihun da ya danne muryar rufin nan. Sadiya ta sunkuya za ta kama shi, ya kai mata cizo.

"Ba zan bi ta ba! Iya, za ta tafi da ni! Ba zan bi matar nan ba!"

Layi ya tsaya cak. Sai ga wata ma'aikaciya mai kaki, hula a kan ɗankwali, yarinya ce da ba ta wuce sa'ar Sadiya ba, tana tafe ƙwas-ƙwas kamar ita ta ƙera jirgin. Ta ja mu gefe ta karɓi takardu. Da ta buɗe baki sai na ji Hausar Kano tsantsa.

Ta tsuguna gaban yaro. "Ɗan saurayi, yaya sunanka?"

"Ɗantsoho."

Ta dubi takarda. Sunan Malam ne a ciki da na mutumin Ikko a jere, babu Ɗantsoho ko ɗaya. Ta nuna Sadiya. "Wannan mamarka ce?"

"A'a. Sadiya ce."

"To ina mamarka?"

Ya ƙara ƙanƙame ƙafata.

Ta miƙe, fuskarta ta canja. "Malama, yaron nan ɗanki ne?"

Sadiya ta dube ni, ta dubi ƙasa, ta ja bakin mayafi ta rufe baki. A gaban uwar miji, a gaban maza fal ɗaki, a ce ta buɗe baki ta ce ɗan fari nata ne!

"Na Iya ne," ta ce.

Innalillahi. Wani daga layi ya ce, "Kun ji ko!" Mai gilashin nan da ta yi mana addu'a ɗazu ta ce dama ita ta lura matar ko sunan yaron ba ta sani ba. Mutanen da ko sallama ba su yi mana ba tun safe duk suka zama alƙalai, wasu har da ɗaga waya za su ɗauki hoto. Alhajin da aka daki ƙafarsa ya fi kowa baki.

"Faɗa mini sunansa na yanka," in ji mai kaki.

Ina! Sunan surukinta ne, kuma na ɗan farinta, ta ina zai fito? Sai hawaye ke ɗiga a kan mayafi. Raihana ta tsorata ta kama nata kukan a baya.

Mai kaki ta sassauta murya. "Ni ma 'yar Hausa ce, na san kunyar ɗan fari, kakata ta yi. Amma ana satar yara, kuma masu satar da takarda suke zuwa. Yaro yana ihu ba zai bi ki ba, ke kin ce ba naki ba ne. Ba zan bar shi ya wuce ƙofar nan a haka ba, ko jirgi zai tashi ya bar ku." Sai ta juyo gare ni. "Mama, ke fa? Ɗan waye?"

Na ce, "Yarinya, kin dai ga wadda ya riƙe."

Ƙarya na yi? Ban yi ba. Zuciyata kuwa har ta kama hanyar Daura. Na ga mun sauka kafin magariba, na ga ya ruga ya buɗe wa awaki, na ga tabarmata da mutum biyu a kai. Ba ni na tsara ba, ba ni na koya wa yaro ihu ba. Masu ilimin jirgi ne suka shirya abinsu ya watse, ni kuwa in Allah ya dawo mini da nawa ba zan ce a'a ba.

Muryar rufi ta sake kira. Sadiya ta matso kusa da ni, ta yi magana ƙasa-ƙasa.

"Iya, ku koma da shi kawai. Mu sai mu tafi."

Shi ke nan, na ci. Har na sunkuya zan saɓa shi, sai mai kaki ta ce, "Dakata tukuna." Ta hango rubutun da ke damtsensa. Ta tambayi lambar wa ce, na ce ta ubansa ce. Ashe shirmen nan zai yi rana. Ta buga a wayarta, ta ƙara murya yadda kowa zai ji.

Mutumin Ikko ya ɗauka da Turanci, da ya ji abin da ake ciki Turancin ya gudu. Ya shiga faɗa, matarsa ce, ɗansa ne, wane irin abu ne wannan.

Ta ce, "Alhaji, murya kawai nake ji, ban san ka ba. Akwai wata dattijuwa a nan, ita yaron ya riƙe, kuma ba ta ce na matarka ne ba."

"Ba ta wayar," in ji shi. "Yaya? Yaya, kina ji na? Don Allah Yaya ki yi musu bayani, jirgi zai tashi."

Mai kaki ta dube ni sama da ƙasa. "Au, ashe yayarsa ce ke. Na ɗauka mahaifiyarsa ce."

Shekara kusan arba'in yana kirana Yaya, ban taɓa jin ta da kunnen baƙo ba sai ranar. A gida ba mai tambaya, kowa ya sani. Uwar Malam ce ta ɗauke shi ranar yaye, ita ya kira Iya har ta koma ga Allah, ita ya yi wa kukan maraya ina tsaye a bakin murhu ina dafa wa 'yan gaisuwa abinci. Ni yana gaishe ni da ladabi, yana aiko mini da atamfa duk salla, amma bai taɓa zama ya gaya mini abin da ke ci masa rai ba. Ranar da aka kai shi asibitin Katsina a bayan a-kori-kura, a cinyar tsohuwar yake kwance, jikinsa kamar wuta. Ni ina can ƙarshen mota ina kallon hanya, kada a ce na damu.

Na dubi Sadiya. Ta juya fuska tana kallon bango, amma hannunta ɗaya ya fito ta ƙarƙashin mayafi ya tsaya daf da ƙeyar yaron, bai taɓa ba. Na san hannun nan. Raina ya ɓaci, ban san da wa ba.

Na ce, "Yarinya, buɗe kunnenki, don ba zan maimaita ba. Ni ba yayar kowa ba ce. Ni Safiyatu, ni na haifi Mansur, wannan da ke ihu a wayarki. Ita kuma wannan mai kukan ita ta haifi yaron nan, a gabana, ni na yanke cibi. Riƙo aka ba ni. Sunan da ke takardarki na mijina ne, shi yaron ya ci."

Ihun da ke waya ya tsaya. Bai kashe ba, ina jin hayaniyar motocin Ikko a bayansa.

Mai kaki ta daɗe tana dubana. Ta dubi Sadiya, ta dubi yaro, kunnuwan nan nasu iri ɗaya kamar marfin tukunya, wanda da tana da ido da tuni ta gani. Ta miƙa takardun ta ce, "Ku yi sauri." Alƙalan layi kowa ya mai da wayarsa aljihu, an hana su kallo.

Saura mai riƙe da ƙafata. Na sunkuya na ɓamɓare yatsunsa daga zanena, yana mayarwa ina cirewa, yana kallona kamar bai taɓa ganina ba.

"Ɗauki ɗanki," na ce wa Sadiya.

"A gabanku, Iya?"

"A gaban uban kowa. Ɗauke shi ki rungume. Kunyar nan ta ci mutum ɗaya a gidanmu, ta isa haka."

Ta sunkuya da goyo a baya ta ɗauke shi a ƙirji, yana harbi, yana dukan kafaɗarta. Ba ta ma iya riƙe shi ba, ba ta san nauyinsa ba, sai da ta gyara. Aka shafa su da sanda, suka wuce ƙofar. Yana miƙo hannu ta saman kafaɗarta, jar rigar nan ana hango ta daga ko'ina kamar yadda ubansa ya so.

"Iya! Iya!"

Sadiya ta tsaya ta waiwayo tana jira in amsa.

Na ɗaga murya yadda har mai goge ƙasa sai da ya ji. "Me kike kallona? Ke ake kira. Amsa!"

Na ji ta, can ƙasa, da muryar da ta sha kuka. "Na'am."

Na juya baya na fita.

Malam Sama'ila ya ce mu ɗan tsaya a bakin titi mu ga tashinsu. Na ce ya tuƙa mu tafi, ƙarfe ne, ba abin kallo ba. Ya rage rediyo, ya ja mota.

Mun kusa shiga Daura 'yar wayata ta yi ƙara a bakin zane. Mutumin Ikko ne. Ya ce sun sauka lafiya, yaro ya yi kuka ya gaji ya yi barci a jikin uwarsa. Na ce madalla. Bai kashe ba, ina jin numfashinsa, kamar mai laluben wani abu a aljihu. Na jira.

"To… an gode, Yaya."

Na ce ba komai, na kashe. Sai a lokacin na lura filas ɗin yana kan cinyata, da sauran kunu a ciki, na manta ban ba su ba. Na ce wa Malam Sama'ila in mun isa ya tafi da shi ya ba yaransa, don ba mai sha a gidana.